Tambaya da Amsa: Abin da Fassara Take Haɗiyewa a Finafinan Zane na Japan

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karo daga masu kallon finafinan zane na ƙasar Japan suka fito, waɗanda ake kira anime, da masu karanta littattafan zanensu da ake kira manga. Kusan koke ɗaya suke yi ta fuskoki daban-daban, wato suna ganin mutanen cikin labari suna dariya ko jin kunya ko firgita, amma fassarar da ke ƙasan allo ba ta nuna musu dalili ba. Mun zaɓi shida daga ciki, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A wani fim da nake bi, wani saurayi ya kira wata 'yar ajinsu da sunanta kawai, sai ta sunkuyar da kai fuskarta ta yi ja, sauran ɗalibai kuma suka ɗauki shewa. Na mayar da wurin baya na sake kallo, ban ga wani abin kunya da ya faɗa ba. Me ya wuce ni?
Daga wata ɗaliba

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da ya tayar da ajin ɗan guntun sauti ne da saurayin ya cire daga ƙarshen sunan, kuma mai fassara bai samu inda zai nuna miki an cire shi ba. A Japan sunan dangi ne yake zuwa kafin sunan yanka, kuma da shi ake kiran mutum a makaranta da wurin aiki. Ko shi ma ba a barinsa tsirara, sai an liƙa masa ɗafa-ƙeya da za ta nuna matsayin mai magana da na wanda ake kira. San ita ce ta gama-gari, ta dace da namiji da mace, babba ko tsara. Kun ta samari ce da na ƙasa da mutum a wurin aiki, chan kuma ta ƙananan yara ce da ƙawaye da dabbobin gida. Sama ta fi su duka nauyi, ana ajiye ta don abokin ciniki da masu sarauta da abin bauta, da kuma sunan da ake rubutawa a bayan ambulan. Malami da likita da lauya, har ma da mai zanen manga, sensei ake ce musu, wanda ya riga mutum shiga makaranta ko ƙungiya kuwa, ko da shekara ɗaya tak ce, ya zama senpai ɗinsa.

Ki ɗauki misalin yarinya mai suna Sato Hanako, Sato kuwa shi ne sunan dangin da ya fi yawa a ƙasar. Ranar farko ɗan ajinsu zai ce mata Sato-san. Idan sun saba ƙwarai zai iya komawa Hanako-san ko Hanako-chan, sau da yawa ma sai ya nemi izini. Ranar da ya ce Hanako kawai, babu komai a bayansa, ya yi abin da suke kira yobisute, wanda galibi iyaye da 'yan'uwa na jini da aminai da masoya ne ke yi. Ke nan a gaban aji guda ya bayyana cewa tsakaninsu ya wuce gaisuwa, ko kuma ya yi mata rashin kunya, kuma fuskarta ce za ta gaya miki wanne ne. Marubuta sukan ja wannan hawan matakala tsawon labari guda, har ya zama canjin kiran suna shi ne babban abin da mai kallo yake jira.

Haka abin yake ga kalmar "ni", wadda ke da siffofi da yawa a Japananci. Watashi ta ladabi ce ga kowa, boku ta yaro ce ko namiji mai sanyin hali, ore ta namiji ce mai ji da kansa ko wanda ke cikin abokansa, atashi ta 'yan mata ce, washi kuma a bakin tsofaffin cikin labari aka fi jin ta. A fim ɗin Kimi no Na wa na Makoto Shinkai, wanda ya fito a 2016, akwai wurin da yarinyar da ta tsinci kanta a jikin saurayi take gwada waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya a gaban abokansa, suna kallonta da mamaki har ta faɗo kan ore suka gyaɗa kai. A harshen da ke da "ni" guda ɗaya, dole wannan raha ta mutu a hannun mai fassara. A ganina fassarar da ta bar san da chan a yadda suke ta fi wadda ta share su amfani, ko da za ta ɗan wahalar da sabon mai kallo. Sai dai ki yi hattara da koyon magana daga bakin jaruman faɗa, domin kalmomi irin su temee da kisama da suke jifan juna da su cin fuska ne, kuma mutum ba ya taɓa liƙa wa sunan kansa san. Mugun da kika ji yana cewa ore-sama da gangan aka sa masa, don a nuna girman kansa ya kai inda ya kai.

Tambaya: Malam, na lura a wasu labarai ana tsoron lamba 4, a wasu kuma ana aika saƙon waya da lambobi zalla kamar 39 ko 4649 kuma wanda aka aika wa ya gane. Wane irin lissafi ne wannan?
Daga wani mai karatu

Amsa: Ɗan'uwa, wasan sauti ne mai suna goroawase, kuma tushensa shi ne kowace lamba tana da fiye da karatu ɗaya. Japananci yana da ƙirgensa na asali, ya kuma ari wani daga Sinanci tun ƙarnoni da suka wuce, saboda haka 2 tana iya zama ni ko fu, 3 san ko mi, 4 shi ko yo, 6 roku ko mu, 8 hachi ko ya, 9 kuma ku ko kyu. Wanda ya iya zaɓen karatun da ya dace zai fitar da kalma daga kusan kowane jerin lambobi. Ta haka 39 ta zama san-kyu, wato yadda Japanawa suke furta kalmar godiya ta Turanci, 4649 kuma ta zama yoroshiku, kalmar da ake faɗa idan an haɗu da mutum ko ana neman alfarmarsa. Idan ka ga an jera 8888 a ƙarƙashin bidiyo tafi ake yi, domin hachi ta 8 ta yi kusa da pachi, pachi-pachi kuwa shi ne ƙarar tafi a kunnensu.

Tsoron 4 ya samo asali ne daga karatunta na shi, wanda ya yi daidai da kalmar mutuwa, kamar yadda ku ta 9 ta yi daidai da kalmar azaba. Shi ya sa asibitoci da otal-otal da dama suke tsallake waɗannan lambobi wajen sa wa ɗakuna lamba, kuma ba a son kyautar abu guda huɗu. Shekara 42 ita ce ake ɗauka mafi haɗari a rayuwar namiji, mace kuma 33, har mutane sukan je wuraren bautarsu neman tsari idan sun kai su, kuma jama'a sukan danganta ta farkon da shini, wato mutuwa. Sunan 'yan dabar ƙasar ma, yakuza, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne daga 8 da 9 da 3 ya fito, ya-ku-za, a wata tsohuwar caca ta karta inda lambar ƙarshe ta jimla ake dubawa. Jimlar ukun 20 ce, wato sifili, hannun da ya fi kowane lalacewa.

Kada a ɗauka wasan yara ne kawai, domin manyan ayyuka ma suna bin sa. Hasumiyar Tokyo Skytree da aka buɗe a 2012 tsawonta mita 634 ne, an kuma zaɓi adadin ne don a karanta shi mu-sa-shi, tsohon sunan lardin da Tokyo take ciki. Ɗalibai suna haddace shekarun tarihi ta wannan hanya, kuma wadda ta fi shahara ita ce 1192, da ake karantawa ii kuni, "ƙasa mai kyau", don tuna kafuwar mulkin soja na Kamakura, ko da yake littattafan makaranta da yawa yanzu sun koma 1185. Masu sayar da nama suna rage farashi ran 29 ga wata saboda niku nama ne, ran 22 ga Fabrairu kuma ranar kyanwa ce saboda ni-ni-ni ta yi kama da kukanta a harshensu.

Wasan ya wuce lambobi ya shiga kaya da abinci. Tsabar yen 5, mai huda a tsakiya, ana kiranta go-en, wanda ya yi daidai da kalmar kyakkyawar alaƙa, don haka ita aka fi jefawa a akwatin wurin bauta. Ɗalibin da zai shiga jarrabawa ana ba shi cakulan Kit Kat domin sunan ya yi kusa da kitto katsu, "lallai za ka yi nasara", ko a ba shi katsudon, shinkafa da soyayyen nama wanda galibi na alade ne, saboda katsu ɗin cikin sunan ita ma ta yi daidai da kalmar nasara.

Tambaya: Malam, yayana ya ce sunayen jaruman Dragon Ball duk sunayen kayan miya ne, ni kuma na ce zolayata yake yi. Ka raba mana gardama.
Daga wani ɗan sakandare

Amsa: Ɗana, ka ba yayanka haƙuri, domin ya fi ka kusa da gaskiya. Akira Toriyama, wanda ya fara wannan labari a mujallar Weekly Shonen Jump a 1984 ya kuma rasu a watan Maris na 2024, ya shahara da raɗa sunaye rukuni-rukuni. Kayan lambu a Japananci yasai ne, da ya juya gaɓoɓin sai ya samu Saiya, sunan ƙabilar mayaƙan nan. Daga nan kowane ɗan ƙabilar ya samu nasa, Vegeta daga kalmar Turanci ta kayan lambu, Kakarot daga karas, Nappa daga ganyen da ake dafawa. Gohan dafaffiyar shinkafa ce ko abinci gaba ɗaya, Freeza daga firiza ya fito, yaransa kuma sunayen 'ya'yan itatuwa ne da kayan madara. Inda yayanka ya zarce shi ne cewa duka, domin dangin Bulma sunayen tufafin ciki aka ba su, Son Goku kuwa karatun Japananci ne na sunan Sun Wukong, sarkin birai na wani shahararren labarin Sin na ƙarni na 16, inda aka aro wutsiyarsa da sandarsa da gajimaren da yake hawa.

Tunda ka taɓo sunaye, Naruto na Masashi Kishimoto, wanda ya gudana daga 1999 zuwa 2014, shi ma haka yake. Naruto sunan wani mashigin teku ne tsakanin tsibirin Awaji da Shikoku, inda ruwa yake yin juyi mai ƙarfi, kuma daga gare shi aka samu sunan wani farin yankan kifi mai jan zane a murɗe da ake ɗorawa a kan taliyar ramen. Sunan danginsa, Uzumaki, ma'anarsa juyin ruwa, saboda haka murɗaɗɗen zanen da ke bayan rigarsa da son ramen ɗinsa duk abu guda suke nunawa. Jiraiya da Tsunade da Orochimaru kuma daga wani labarin ƙarni na 19 aka ɗauko su tare da dabbobinsu, kwaɗo da dodon-koɗi marar kwanso da maciji, waɗanda a al'adar ƙasar kowannensu yana rinjayar ɗaya yana tsoron ɗaya. Yaron Japan yana ganin sunayen ya san yadda rigimarsu za ta kasance.

Abin da ya ba marubutansu wannan dama shi ne tsarin rubutu. Suna haɗa hiragana da katakana, kowanne da baƙaƙe 46 na asali, da kuma kanji da aka aro daga Sin, waɗanda jerin gwamnati na 2010 ya ƙayyade 2,136 don amfanin yau da kullum. Kanji guda yana iya ɗaukar karatu biyu ko fiye. A fim ɗin Hayao Miyazaki na 2001, Sen to Chihiro no Kamikakushi, mayya ta ɗebe baƙaƙe uku daga cikin huɗun sunan yarinyar ta bar mata ɗaya. Wannan baƙi a cikin sunanta chi ake karanta shi, amma idan ya tsaya shi kaɗai sen ne, wato dubu. Wanda ke bin fassara zai ce an canza mata suna, wanda ya iya rubutun kuwa yana kallon yadda aka zare mata sunanta aka mayar da ita adadi.

Tambaya: Malam, me ya sa da zarar an ambaci mutum a bayan idonsa sai a nuno shi a wani wuri yana atishawa?
Daga wata mai karatu

Amsa: Malama, tsohon camfi ne a Japan cewa atishawa alama ce ta ana zancen mutum. Akwai ma ƙirge, ko da yake yana bambanta daga yanki zuwa yanki, inda ɗaya yabo ne, biyu zagi, uku wani ya kamu da sonka, huɗu kuwa mura ce kawai. Masu shirya fim suna son sa domin hanya ce mai sauƙi ta sauya wuri daga masu gulma zuwa wanda ake gulmarsa.

Tambaya: Malam, ina zama da 'ya'yana idan suna kallo don in san abin da suke gani. Wata rana wani yaro a fim ya soka tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, sai kakarsa ta daka masa tsawa kamar ya yi saɓo. Mene ne laifinsa?
Daga wata uwa

Amsa: Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri da wannan zama da kike yi da su. Laifin yaron shi ne ya kwaikwayi abin da ake yi wa gawa. A al'adar jana'izarsu, wadda yawanci ta addinin Buddha ce, ana cika kwano da shinkafa a soka tsinkaye a tsaye a ajiye kusa da kan mamacin, don haka yin hakan a kan teburin masu rai kamar kiran mutuwa ne cikin gida. Akwai wani hanin da ya fi wannan tsanani, wato miƙa abinci daga tsinken wani zuwa tsinken wani. Fiye da kashi 99 cikin ɗari na mamatan Japan ƙone su ake yi, bayan an gama kuma dangi sukan tsaya kewaye da toka su tsince ƙasusuwa da dogayen tsinkaye, mutum biyu suna riƙe ƙashi ɗaya, su fara daga ƙafa su ƙare da kai don mamacin ya kasance a tsaye cikin tulun da za a zuba shi. A nan kaɗai aka yarda tsinkayen mutum biyu su haɗu a kan abu guda.

Irin waɗannan alamu suna da yawa, kuma masu zane suna amfani da su ba tare da bayani ba. Mai rai yana ɗora ɓangaren hagu na rigar kimono a kan na dama, gawa kaɗai ake yi wa akasin haka, saboda haka idan kika ga mace cikin farar kimono da aka naɗe a juye, da ɗan farin ƙyalle mai kusurwa uku a goshi, ba ta kuma da ƙafafu, fatalwa ake nufi tun kafin ta yi magana. Ba a son kwanciya kai na fuskantar arewa don haka ake shimfiɗe mamaci, wanda ya dawo daga jana'iza kuma yakan yayyafa wa jikinsa gishiri a bakin ƙofa. Kalmar itadakimasu da za ki ji suna faɗa kafin cin abinci, tafin hannu a haɗe, ma'anarta "na karɓa cikin ƙanƙan da kai", kuma godiya ce ga wanda ya dafa da wanda ya noma da ran abin da aka ci. Na kawo miki ita ne domin za ki ji yara suna kwaikwayonta, gara ki san abin da take nufi.

Tambaya: Malam, me ya sa labaran makaranta kusan duk suke farawa da furanni suna zuba, kuma me ya sa 'yan mata suke roƙon maɓallin rigar samari ranar kammala karatu?
Daga wani malamin firamare

Amsa: Malam, shekarar karatu a Japan tana farawa ne a watan Afrilu ta ƙare a Maris, haka ma shekarar kuɗi ta gwamnati da ɗaukar sababbin ma'aikata a yawancin kamfanoni. Wannan lokaci ya zo daidai da fitowar furen sakura, wanda a Tokyo yakan buɗe daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, ya zube cikin mako ɗaya ko biyu. Don haka furen da ke zuba yana nufin rabuwa da sabon farawa a lokaci guda, kuma mai zane ba ya buƙatar rubuta kwanan wata idan ya nuna shi.

Maɓallin kuwa na rigar makaranta ce ta maza mai suna gakuran, baƙa mai tsayayyiyar wuya da maɓallai biyar. Na biyu daga sama shi ne ake cewa ya fi kusa da zuciya, saboda haka yarinyar da ta roƙe shi ta furta soyayyarta ke nan ba tare da ta ambace ta ba, saurayin da ya ba ta kuma ya amsa. Wanda aka nuno ya fito daga bikin babu maɓalli ko ɗaya a rigarsa, farin jininsa ake nunawa. Al'adar tana raguwa domin makarantu da yawa sun koma kwat irin ta Turawa.

Za ka kuma ci karo da ranar 14 ga Fabrairu a kusan kowane irin wannan labari, kuma a can mata ne suke ba maza cakulan, al'adar da kamfanonin kayan zaƙi suka yi ta tallatawa har ta kafu a shekarun 1970. Kyautar iri biyu ce. Giri choko ta sauke nauyi ce, ana raba wa abokan aiki da 'yan aji, har wasu ma'aikatu sun hana ta saboda takurar da take jawowa. Honmei choko ta wanda ake so ce da gaske, sau da yawa da hannu ake yin ta, shi ya sa za ka ga saurayi yana jujjuya ƙunshin yana neman gane wacce aka ba shi. Amsarsa sai bayan wata guda, ran 14 ga Maris, ranar da masu sayar da alewa suka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970 suka sa mata suna White Day, kuma abin da aka saba faɗa shi ne tukuicin namiji ya ninka darajar abin da ya karɓa sau uku.